Abin da Ban Gaya wa Likita Ba Ranar Talata

Gwadangaji, Birnin Kebbi.
Alhamis, bayan azahar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Allah ya kai ku Argungu gobe cikin aminci, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ƙarfe, ya sa ki iske mutanen gidanku yadda kika bar su. Amin.

Na san za ki yi mamaki. Ga ki can ɗaki kina barcin rana, ga ni nan tsakar gida, bango ɗaya ne tsakaninmu, amma na zauna ina rubuta miki wasiƙa. Kin san dalili. Ke ce 'yar farina. Tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa ɗaukarki a gaban mutane ba. Ke ma kin tashi kina ce mini Yaya yadda kika ji yaran gida suna faɗa, kina ce wa kakarki Inna. Haka muka tarar ana yi, ni kuwa na riƙe abin da hannu biyu, har ana misali da kunyata a Ambursa. Shekara ashirin da uku ke nan ina ce miki "ke" ko "wannan." Maganar da ke cikina yau bakina ba zai iya fito da ita a gabanki ba. Hannuna kuwa ya yi ajin yaƙi da jahilci, zai iya, ko da rubutun zai karkace. Zan sa takardar a jakarki ƙarƙashin hijabai. Ki karanta ke kaɗai tukuna, sannan ki karanta wa maigidanki, kada ki tsallake layi ko ɗaya.

Bari in fara da kuskurena na baya-bayan nan, don shi ne ya tono sauran.

Mako biyu ke nan da maigidanki ya kawo ki gida saboda ciwon kan da ya ƙi sakinki. Ranar Talata muka je asibiti. Kina nan aka ce cikin wata huɗu ne, jininki ya ɗan hau, kuma gwajin fitsari ya nuna ƙodarki tana sakin abin da bai kamata ta saki ba. Likitar nan mai farin gilashi ta juyo wurina ta ce, "Inna, ke kinka haihe ta?" Na kawar da kai na ce, "Gidanmu take." Ta ce, "To, ko kin san yadda anka haihe ta? Ta zo ƙarama ko da ƙibarta?" Na ce, "Wallahi an daɗe, likita, ban riƙe ba."

Ƙarya na yi, har da rantsuwa, Allah ya yafe mini. Na riƙe sarai. Na riƙe ranar, na riƙe zanen da aka naɗe ki da shi, na riƙe maganar da ungozoma ta yi. Kunya ce ta ɗaure mini baki, wai kar a ga uwa ta san zancen 'yar fari. Muka fito muka hau keke, ke kina kallon titi har muka iso gida.

Jiya da na ce miki zan je gaisuwar mutuwa Gesse, ba can na je ba. Na buɗe adakata, na zaro wani tsohon kati da ya kwana shekara ashirin da uku a ƙasan zannuwan aurena, na koma asibitin ni kaɗai. Na bi layi har ta ga ni. Na ajiye mata katin na ce, "Ɗiyata ta, ni na haihe ta. Ga abin da kinka tambaya." Ta duba, ta ɗaga kai ta dube ni. An rubuta a ciki cewa kin cika watanninki tara, amma da aka ɗora ki a sikeli washegarin haihuwa ba ki kai kilo biyu ba.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani, na ce ta maimaita, ta maimaita. Ga shi yadda kaina ya ɗauka. A cikin ƙoda akwai ƙananan matatai masu yawan gaske, su ke tace jini su fitar da datti ya bi fitsari. Duk a cikin ciki ake gina su. Kafin yaro ya cika watanninsa an gama, kuma bayan haka ba a ƙara masa ko ɗaya, ko zai shekara ɗari. Abin da aka haife shi da shi, da shi zai yi rayuwa. Shi kuma ɗan da ke ciki ba ya numfashi da kansa. Iskar da uwa ta shaƙa, wadda suke kira oksijin, jininta ne yake ɗauko ta ya miƙa masa ta mabiyiya da cibiya. Idan jinin uwa ya yi ƙaranci, ko zazzaɓin cizon sauro ya zauna a mabiyiya, ko uwa tana wuni cikin hayaƙi, iskar da ke isa gare shi sai ta ragu. Jikinsa kuma sai ya yi dabara, ya tura ɗan abin da ya samu ga ƙwaƙwalwa da zuciya, ya bar ƙoda da ragowa. Sai a haife shi ƙarami, matatan ƙodarsa ba su kai na sauran yara ba. Ya girma lafiya, ya yi wasa, ya yi karatu, ba wanda ya san komai, don waɗanda suke akwai suna yin aikin waɗanda babu. Sai ranar da aka ɗora musu kaya mai nauyi sannan gajiyar ta fito. Ciki kuwa yana daga cikin kaya mafi nauyi da ƙodar mace take ɗauka.

Da ta ga na sunkuyar da kai sai ta ce, "Inna, ba ni cewa laihinki na. Akwai waɗanda anka haiha ƙanana sunka tsuhwa lahiya lau, kuma ba mu gama bincike ba. Amma da kin hwaɗa mani jiya, da na san inda zan hwara dubawa." Na gode mata, mace ce mai kirki. Sai dai ni na san abin da na yi da hannuna, kuma shi zan gaya miki yanzu, don na ga kin kama hanyata tiryan-tiryan.

Lokacin da na samu cikinki ina amarya a gidan kakanninki a Ambursa. Ban gaya wa kowa ba. Babanki ma sai da ya gane da kansa, da ya tambaye ni na tashi na bar masa ɗakin. Na riƙa ɗaure zane tamau a saman cibiya, in sa babbar riga, in yi tafiya a miƙe. Idan amai ya taso in zaga bayan rumbu. Ina jin daɗi idan na ji mata suna cewa amaryar Umaru, babanki ke nan, akwai kunya, ba ka gane komai a jikinta. Sai da ciki ya shiga wata bakwai, zane ya ƙi rufa mini asiri, sannan Inna ta kama hannuna ta kai ni awo. Malamar asibiti ta ja fatar idona ƙasa, ta duba tafin hannuna, ta ce, "Ina kika kai jininki?" Sau ɗaya na je awon nan. Ki duba katin, layi ɗaya ne aka cika, sauran duk fari fat.

Na ji ki shekaranjiya kina ba ƙanwarki labari kuna dariya, wai a gidanku na Argungu ba wanda ya san kina da ciki, kin ce musu taifot ce. Kin zaci ban ji ba don ina tankaɗe. Na ji sarai. To ki saurara. Ranar da kika sauka, kafin ki kwance kaya, ki shiga ɗakin surukarki Hajiya Kulu ki gaya mata. In bakinki ya yi nauyi, ki miƙa mata takardar asibiti ki fita, za ta nemi mai karanta mata. Kunyar da za ki ji ta minti biyar ce. Tawa na sha yabo a kanta wata bakwai, kuma a cikin watannin nan ake gina ƙodarki, ba wanda ya duba ni don ban bari an san akwai abin dubawa ba.

Sai maganar hayaƙi, ita ta fi ci mini rai.

Sana'ar matan gidan gumin shinkafa ce. Ke ba ki tarar ana yi sosai ba, kina ƙarama muka dawo Gwadangaji. A jiƙa shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, ta kwana, a zuba a rabin duro, a rufe da buhu, a hura wuta ta turaru, sannan a shanya. Itace ya yi wuya, don haka ɓuntu, ɓawon shinkafa, muke turawa a murhu, shi kuwa ba ya ci da harshe, sai dai ya yi ta cin ciki yana tuƙuƙin hayaƙi. Da rani a fili ake yi. Amma cikinki da damina ya tsufa, sai aka mayar da murhun cikin wani tsohon ɗaki mai ƙaramar taga ɗaya, ita ma an toshe ta da tsumma saboda feshin ruwa. Kowace mace tana shiga ta ɗan tura wuta ta fito tana tari. Ni ce na ce a bar mini. Ba wanda ya sa ni, kada ki ɗora wa kakarki, Allah ya jiƙanta. Sau nawa tana leƙowa tana cewa, "Ke ɗiyar ga, hito ki sha iska, hayaƙin ga ya yi yawa." In ce, "Ba komi Inna, na kusa ƙarewa." So nake a ce amarya ba raguwa ba ce. Kuma ɗakin ya yi mini daɗin ɓuya, don a cikin duhu da hayaƙi ba mai ƙare wa cikina kallo.

Daga hantsi har la'asar nake zama. Kaina ya riƙa sarawa, in na miƙe in ga duhu-duhu, in na ɗebo ruwa guga biyu in tsaya ina haki. Wata rana na farka na gan ni kwance a bakin ƙofa, tsumman taga a hannuna, ban san lokacin da na fizge shi ba. Na tashi na karkaɗe zanena, na mayar da tsumman inda yake don kar a tambaye ni. A ranar kin daɗe ba ki motsa ba. Na ce a raina yarinyar kirki ce, ba ta da fitina. Jiya likita ta gaya mini akwai wata guba a cikin irin wannan hayaƙi, ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta zauna a gurbin iskar kirki ta hana ta wuri. Ashe ba haƙuri kike yi ba, numfashi ne ba ya isar ki.

Yanzu ga ki a gidan Sarkawa, sana'ar matan gidan bandar kifi. Na ji kina fahariya cewa kin iya juya kifi a kan waya, idonki ma ya daina hawaye. Idonki ne ya saba, wanda ke cikinki bai saba ba, kuma ba shi da bakin da zai ce miki ya shaƙe. Daga gobe ke da wurin banda sai kallo daga nesa, har ki haihu ki gama jego. Ki yi musu wanke kifi, ki yi sa gishiri, ki yi shara, ki yi duk aikin da ke fili. Girki ma a waje, inda iska ke wucewa. Kada ki shigar da gawayi ɗaki don jin ɗumi, kada a tayar da janareto kusa da tagarki. In wata ta ce 'yar birni ta zo da sanabe, ki ce e, gado kika yi. Ba su san ni ba, za su yarda.

Na san abin da zai dame ki. Za ki ga surukarki da shekarunta tana fama da wuta ke kina zaune a inuwa, ki ji kamar ƙasa ta tsage ki shige. Ki daure. Hajiya Kulu jika take so, ba kifi ba. In aka yi mata bayani ita da kanta za ta kore ki daga wurin.

Ranar awon nan guda ɗaya an ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, jajaye, a ƙulle a leda, da na zazzaɓi, da gidan sauro sabo. A hanyar dawowa muka haɗu da wata maƙwabciyarmu, Iya Haɓi, ta ga ledar a hannuna. Ta ja ni gefe ta ce, "In kinka sha ƙwayar ga, ɗa girma shikai cikin ciki, sai an tsaga ki an hidda shi. Ke da ƙugunki ɗan wannan? Rage ma cin tuwo." Ba mugunta ta yi ba, abin da ta ji ta faɗa. Ni kuwa ba abin da nake tsoro irin wuƙar likita. Kullum da safe Inna ta ce, "Kin sha maganinki?" in ce na sha, alhali na jefa shi cikin tokar murhu. Tuwo in ci loma uku in ture. Gidan sauron kuwa na ba babanki ya rufe irin albasa da shi a fadama, har yana yaba mini hankali. Zazzaɓi ya kayar da ni sau biyu kafin in haihu, na sha jiƙo na tashi.

Ƙaramin ɗa na roƙa, kuma na samu. Naƙudar ba ta daɗe ba. Ungozoma ta ɗaga ki a tafin hannu ɗaya ta ce, "Wagga ɗiya ta cika watanninta kuwa?" Kukanki ma sai an kasa kunne. Mata suka riƙa shigowa barka suna cewa amarya ta yi sa'a, haihuwa ba wahala, ko ɗinki babu. Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye miki ba. Na ɗauka dabarata ce ta yi aiki. Inna ta sa miki 'Yar Firit, sunan ya bi ki har makaranta, muna kira muna dariya.

Bayan mun dawo Gwadangaji na samu cikin ƙanenki. Maman Nkeci mai shagon kayan miya ta ƙofar gidanmu ita ta gano ni ina shirin maimaita halina. Kin san ta da baki. Ta ce, "Hadiza, ni na haifi biyar, duka na sha wannan magani, wa ya yanka ni? Kawo ruwa ki sha a gabana." Kullum sai na je shagonta na haɗiye tana kallo. Ƙannenki uku duk haka aka yi, kowanne ya zo da ƙibarsa da kukansa mai tsaga kunne, kuma ba wanda aka tsaga ni a kansa. Ke kaɗai kika biya kuɗin wautata, da yake ke kika zo farko.

Jiya da na dawo na buɗe jakarki, ki yi haƙuri. Maganin da aka ba ki ranar Talata yana nan yadda aka ba ki, ba ki ɓalle ko ƙwaya ɗaya ba. Ban san wace Iya Haɓin ce ta rigaye ni zuwa kunnenki ba, kowane gari da tasa. Ki sha. Na ƙarin jini, da na hawan jini, da duk abin da likita ta rubuta, a kan lokacinsa. In yana tayar miki da zuciya ki koma ki faɗa a canza miki, kada ki yanke wa kanki hukunci. Ki ci abinci ki ƙoshi. Kina garin kifi, ga wake, ga zogale, ga rama. Ki kwana cikin gidan sauro ko ana zafin da ya fi na bana. In ma ta kama a yi aiki a ciro yaro, a yi. Na ga matan da aka yi wa suna tafiya da ƙafafunsu suna goyon 'ya'yansu.

Akwai wani kuma da ban san kuskure ba ne sai jiya. Tun kina budurwa, duk wata in ciwon mara ya kama ki, nakan aika a karɓo miki haɗin ƙwayoyi wurin mai tallar magani a faranti, huɗu ko biyar a ƙulli ɗaya, ba mai sanin sunansu. Da yake ba na iya zama kusa da ke in tambaye ki inda ke ciwo, sai in tura magani ya je a madadina. Likita ta ce yawancin magungunan kashe ciwo irin waɗannan ƙoda suke ci, balle wadda dama ba ta da rara. Daga yau ko ciwon kai ne kada ki haɗiyi abin da ba asibiti suka ba ki ba. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi ma haka, ko wa ya kawo, ko ni ce. Ki rage gishiri da dunƙulen miya. In kin haihu za a dama miki kunun kanwa, a ce al'ada ce, ni ma na sha har na gode Allah. Ke kada ki kai shi baki sai kin tambayi likita, kuma na riga na san amsar da za ta ba ki.

Ga abubuwan da ta ce in gaya miki, na sa ta faɗa a hankali ina rubutawa a bayan katin. In kin ji ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, ko kina ganin wuta-wuta ko hazo-hazo, ko fuskarki da hannuwanki sun kumbura, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama, ko fitsari ya ragu ko yana kumfa sosai, ko in ciki ya tsufa kika ji motsi ya ragu, to ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga kogi, ba a cewa bari a ga gobe. Asibiti kai tsaye. Kuma a asibiti za ki haihu. Ana haihuwa ki ce a ɗora yaron a sikeli, a rubuta, ki adana takardar inda za ki iya ɗaukowa. Wata rana wani zai tambaye ki, ki ba shi amsa kanki a ɗage.

Kada takardar nan ta sa ki kwanta kina kuka. Ban rubuta don haka ba, ni ma na yi nawa jiya a cikin keke na share. Likita ta ce an gano da wuri, kuma mata da yawa masu irin wannan suna haihuwa lafiya su rayu lafiya in ana bibiyarsu. Abin da ya wuce a taki ƙodar ba ni da ikon mayar da shi. Da ana cirewa a ƙara, da na ce a ɗebi nawa. Amma na wanda ke cikinki yanzu ake gina su, yau ɗin nan da kike barci, da gobe a mota, da duk watanni biyar masu zuwa. Wannan kam yana hannunmu bayan ikon Allah, kuma ba zan zauna ina kallo a sake yi a kan idona ba.

Babanki ya ce in bar wa Allah, ƙaddara ce. Na ce masa na yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta jefa ƙwaya a toka ba, ni ce. Da na gaya masa abin da na yanke sai ya ce, "Ke da ba ki taɓa taka gidan ba? Ko ranar kai amarya ɓoyewa kinka yi. Mi mutane za su ce?" Na ce, "Su ce abin da sunka ga dama. Na ji daɗin bakinsu shekara ashirin da uku, ga inda ya kai ni." Daga ƙarshe ya ce Allah ya kai mu.

Ga abin da na yanke. An rubuta miki komawa awo Talata ta sama, a asibitin can Argungu. A ranar, da sassafe zan shiga mota. Zan fara sauka gidanku, in gaida Hajiya Kulu, in zauna a tabarmarta in gaya mata duk abin da ke cikin takardar nan da bakina, har da ɗakin gumi da tokar murhu. In aikin banda ya rasa hannu saboda ke, ni zan karɓi rabonki duk ranar da na zo, ƙirjina ya san hayaƙi kuma ba kowa a cikina. Daga nan mu tafi asibiti tare. Kuma ba sau ɗaya ba, duk ranar awonki ki sa ido a ƙofa, har ranar da za ki dawo gida goyon ciki. Kada ki ce in zauna, kin san ba a juya ni. A wurina kika ɗauko taurin kan.

Katin yana cikin takardar nan, na naɗe shi a leda. Ki kai wa likitan can, kada ki jira a tambaye ki. Ki ce an haife ki ƙarama, mahaifiyarki ta yi fama da ƙarancin jini da zazzaɓi da hayaƙi. In suka ce wa ya gaya miki, ki ce ita ce, tana nan tafe.

Ki gaida maigidanki, ki ce na gode da ya kawo ki bai tsaya jira ba. Ki gaida Hajiya Kulu da duk mutanen gida. Ki riƙe sallarki da azkar ɗinki na safe da yamma. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya ƙarfafa abin da ya yi rauni a jikinki, ya cika wa na cikinki halittarsa ba tare da ragi ba, ya raba ku lafiya, ya sa in ji kukansa tun daga bakin ƙofa. Ni kuma ki yafe mini.

Na ji motsinki, kin farka, bari in naɗe. Saura abu ɗaya. A layin farko na katin akwai wurin sunan yaro, za ki ga ba komai a wurin. Malamar ta tambaye ni a lokacin, ba a yi suna ba tukuna, ta ce in an raɗa in dawo a cika. Ban koma ba, don sai na faɗe shi da bakina. Yanzu na cika shi da biron nan.

Allah ya kai ki lafiya, Balkisu. Ga shi na rubuta har sau biyu, hannuna bai karye ba. Ranar Talata in malamar awo ta ɗaga kai ta ce wa ya zo da Balkisu, kada ki amsa, ki bar mini.

Wassalam.

Ni ce wadda kike ce wa Yaya,
mahaifiyarki,
Hadiza.